Farin Yadin da Na Wanke

Abokin zamana a unguwar Pantai Dalam, can ƙasar waje, Kirista ne, ɗan Kafanchan, Hausa a bakinsa kamar Bakano. A bangon ɗakinsa akwai hoton wani tsohon likkafani da ke ajiye a wani coci a Italiya, wanda suka ce a ciki aka naɗe Yesu. Wai idan ka ƙura ido za ka ga fuska dishi-dishi, idanu a rufe. Ni kuwa bakina ba ya shiru, kullum sai na ce masa tabo ne kawai, tsoron mutuwa ke sa mutum ganin fuska. Dariya kawai yake yi.

Ana cikin kullen korona zazzaɓi ya kama shi. Kwana uku yana jiƙa zannuwan gado da gumi har suka ƙare. Na ɗauko farin yadin da na saya a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman don Sallah, wanda kulle ya hana ni kai wa tela, na shimfiɗa masa rabi, na rufa masa rabi. Sai da na ja baya na ga aika-aikar da na yi: mutum a miƙe cikin farin yadi marar ɗinki. Na kai hannu zan janye, ya riƙe, ya ce sanyi yake ji.

Da motar asibiti ta tafi da shi na koma ɗakin. Gumi da man zafin da na shafa masa sun bar shatinsa a yadin, kafaɗu, gadon baya, inda kai ya kwanta. Wallahi har gefen fuska na gani. Na ja ƙofar, amma kullum sai na leƙa, kullum kuma sai in ga kamar ya ƙara fitowa. Rana ta biyar tsoro ya ci ƙarfina, na tsoma yadin a bokiti da bilic, sinadarin nan mai cire tabo, na dirje shi har hannuna ya yi ja.

Washegari ya rasu. A nan aka binne shi, akwati a rufe, ko ni ban gan shi ba. Mahaifiyarsa ta kira ni daga gida, muryarta a dashe.

"Ɗana, ba su ba ni gawa ba. Abin da ya kwanta a kai na ƙarshe, ka aiko min. Kada ka wanke."

Na juya na kalli baranda. Ga yadin can a kan igiya, fari fat.

"To, Mama," na ce.