Indararon Banki

Bayan gidanmu a Anka akwai wani tsohon banki, wanda a da can baitulmali ne. Da jan dutse aka gina shi, kaurin bangon ya isa mutum ya kwanta a kai. Tagoginsa ƙanana ne, suna can sama da sandunan ƙarfe, ƙofar kuma baka ce mai zurfi, ko da rana tsaka bakinta duhu ne. Ban taɓa son ginin nan ba.

Lokacin da aka gina shi wurin fili ne, saboda haka magina suka juya indararonsa gabas ba tare da tunanin kowa ba. Daga baya gari ya matso, mahaifina ya yi wa Inna ɗaki na ƙasa daidai ƙarƙashin indararon. A garinmu ba a juya wa maƙwabci indararo, amma wannan ya riga mu zuwa.

Mahaifina yana da rai, duk bazara sai ya yi wa bangon ɗakin sabon yaɓe. Bayan rasuwarsa na gaji aikin, ni da hannuna bai san komai ba sai alli. Daminar da aka yi juyin mulki ta wuce, ta biye ta zo da ƙarfi. Ruwan rufin bankin gaba ɗaya ta bakin indararon nan yake zubowa, yana cin gindin bangon Inna. Tsaga ta fito, tun tana ɗaukar tsinke har ta ɗauki yatsana.

Na je wurin manaja na roƙe shi a karkatar da indararon. Mutumin kirki ne, har kujera ya ba ni. Sai ya fito da ni ya nuna mini allon ƙarfen da ke jikin ƙofa.

"Malam, ginin tarihi ne. Ko ƙusa ba ni da ikon bugawa sai an zo daga Sakkwato."

Na koma wurin Inna na ce ta dawo ɗakin matata.

"Ubanka yag gina ɗakin ga da hannu nai," in ji ta. "Ba ni tashi."

Daga nan duk hadarin da ya haɗu sai in riƙa duban sama. Ina cikin aji ina koyarwa, kunnena yana gida.

Wata Laraba bayan la'asar bangon ya zauna. Inna tana kan buzu. Mun ciro ta da rai, amma ƙugunta ya karye, ba ta ƙara takawa ba.

Manaja ya zo jaje, har da ƙwalla. Da zai fita ya tsaya kan ɓaraguzan ɗakin, ya ɗaga kai ya dubi bangon bankin, ya shafa shi da tafin hannu a hankali yana neman tsaga. Ina tsaye ina kallonsa. Bai samu ko ɗaya ba.