Wa yake ɗebe min rawayar ƙwaya?

Ƙarfe shida da rabi: farar ƙwaya ɗaya, bayan koko. Na sha, na ja layi a kaye, littafin lissafina.

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa na tafi Libiya, ban je ba. Ina nan unguwarmu, Kara-Kara. Ciwon ƙwaƙwalwa na yi.

Da rashin barci ya fara. Daga nan na soma ganin kamar abokan aikina a sito suna ƙus-ƙus a kaina. Na daina cin tuwon gidana, don ina zargin matata Rabi tana zuba min wani abu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ni wajen mai magani a Hamdara. Da na kulle kaina a ɗaki kwana biyu, yayana, wanda uba kaɗai muka haɗa, ya ɓalle ƙofa ya kai ni babban asibiti.

Kwana goma sha tara na yi. An ɗebi jini, an yi allurai. Majo, shugaban masu jinya, ba ya gusawa sai na buɗe baki ya ga na haɗiye.

Ranar sallama likita ya ce: "Malam Sani, fara da safe, rawaya bayan isha'i. Ko ka ji garau, kada ka tsallake."

Maganin wata sefa jaka bakwai. Na sayi kaye da bik na rubutu. Kowace ƙwaya layi ɗaya. Aikin sito ya koya min haka, kuma ban yarda da ƙwaƙwalwata ba.

Wata goma komai daidai. Na koma aiki.

Sai wata Talata na juye gwangwanin maganin na ƙirga. Kaye ya ce rawaya goma sha takwas. Goma sha shida na gani. Bayan kwana uku an sake rasa biyu.

Ku fahimci halin da na shiga. Ciwona zargi ne. To yau ga abin zargi a tafin hannuna. Ɗeba ake yi? Ko ni nake sha sau biyu in manta? Ko ciwon ne ya dawo yake ƙirga min?

Na tambayi Rabi tana tuƙa tuwo: "Wa ya taɓa gwangwanin nan?"

Ta ajiye muciya ta dube ni. "Baban Nana, mun koma?"

Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙi. Ni kuwa na rubuta a kaye: "Ba ta ce a'a ba." Na ɗaura siririn zare a murfi. Washegari zaren ya tsinke.

Ban gaya wa likita ba, tsoro nake ji ya ce in koma gado. Don maganin ya kai ni ranar randebu, wato ranar komawa wajen likita, na fara raba rawayar biyu da reza. Wannan shi ne babban kuskurena. Cikin mako biyu barci ya gudu, ƙus-ƙus ya dawo, na sake ture kwanon Rabi. Ta fara ninke zannuwanta tana sakawa a akwati.

Ranar Juma'a da hantsi maƙwabciyarmu Iya Falmata ta shigo. Ta fita takabar mijinta, tana bin gidaje tana godiya kamar yadda aka saba. Ina zaure na ji tana ce wa mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu:

"Ke kam ba ni da bakin gode miki. Rawayar nan ta ɗanki! In na sha ɗaya sai azahar ta same ni a kwance. Jiri kawai take sa ni."

Na shiga na ce: "Inna, ke ce?"

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ta kau da kai ta ce: "Kai wannan, mace tana kuka ba ta runtsawa, ga magani a gidana, in hana ta? Gishiri ma ana ba maƙwabci. Ai da yawa a gwangwanin."

Rabi tana bakin murhu. Ko kallona ba ta yi ba.

Litinin na kai Iya Falmata asibiti aka duba ta, aka hana ta ƙara sha. Ni kuma na miƙa wa likita kayen. Ya ce: "Me ya hana ka zuwa tun ranar farko?"

Na ce: "Na ji tsoron kada ya zama ciwon ne."

Ya ce: "In ciwon ne, ai nan ɗin dai za ka kawo shi."

Ya mayar da ni kan cikakkiyar ƙwaya. Wata huɗu ke nan ina barci, ina cin tuwon gidana. Har yanzu nakan ƙirga sau biyu, wani lokacin sau uku.

Na gode wa Allah. Na gode wa yayana, da majo, da likita. Na gode wa Rabi da ta mayar da zannuwanta.

In kana shan irin wannan magani, haɗa shi da abin da ba ka fashinsa, sallah ko karin kumallo, kuma ka rubuta. Kada ka rage da kanka. Zaunar da tsofaffin gidanku ka gaya musu wannan ba maganin barci ba ne, ba a kyauta da shi. In lissafi ya ƙi, je ka faɗa a ranar.

Na gobe:

- Farmasi, maganin wata.
- Sabon kaye, wannan saura shafi biyu.
- Ƙaramin kwado na akwatin magani. Makulli ɗaya nawa, ɗaya na Rabi.
- Neman gafarar Rabi. Na fara sau biyu, ban ƙarasa ba.