Ƙararrawar Oom Gawie

A garin Hout Bay da ke bakin teku babu mai nutso da bai sha wa'azin Oom Gawie Terblanche ba, wato Kawu Gawie a harshen mutanen wurin. Litinin zuwa Juma'a mai gyaran famfo ne, ran Asabar kuwa shi ne malamin teku, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Shekara ashirin da bakwai yana shiga ruwan nan mai sanyin da ke sa haƙori tsami, kuma a wurinsa duk wanda bai kai zurfin mita hamsin ba wanka ya zo yi. In baƙo ya hau kwale-kwale, sai Gawie ya ƙwanƙwasa tukunyar iskar da baƙon zai shaƙa a ƙarƙashin ruwa, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, ka dai bar wasiyya a gida ko?"

Burinsa ɗaya ne a duniya: ƙararrawar wani tsohon jirgin dakon kaya da ke kwance mita hamsin da biyar a ƙasa. Tun bai gan ta ba ya kafa katakon da zai ɗora ta a falo. Da matarsa ta gaji da goge wurin, sai ta ɗora rediyo a kai.

Wata Asabar, bayan iska ta yi kwana uku tana kaɗawa, ruwa ya yi garau, ya kuma yi sanyin ƙanƙara, Gawie ya nutsa zuwa wurin jirgin. Zurfi irin wannan yakan sa mutum maye, abin da Gawie ya sha rantsuwa bai taɓa kama shi ba. Yana haska fitila a bayan jirgin ya hango wani abu kife cikin laka, mai faɗin baki, gansakuka ta rufe shi, kamar dai ƙararrawa. Ya tone shi da hannu, ya ɗaura masa jakar iska, ya aika shi sama. Shi kuwa dole ya hau a hankali, yana tsayawa a hanya don kada jininsa ya yi kumfa. Minti arba'in ya yi riƙe da igiya yana kakkarwa, yana shirya jawabin da zai yi wa 'yan jarida.

Ko da ya fito, Nazli Arendse, matuƙiyar kwale-kwalen, ta riga ta kankare gefen abin da wuƙa. Fari ne fat, na tangaran. Sauran masu nutso duk sun juya suna kallon teku, kafaɗunsu na rawa.

"Oom," in ji Nazli, "ƙararrawarka tana da magudana."

"Ai haka ake yin su a zamanin da."

"To buga mana mu ji."

Gawie ya durƙusa ya duba. Kwanon masai ne, irin wanda ya kwance a gidajen mutane ya fi sau dubu.

"Kuma ka san doka ta hana ɗaukar kayan tsofaffin jirage," Nazli ta ƙara. "Da ƙararrawa ce, da wataƙila na kau da ido. Amma ba za a ƙwace mini lasisi a kan masai ba. Inda ka ɗauko, can za ka mayar."

Sati na zagayowa ya sauka da abinsa, ya kife shi a raminsa, mutum shida suna haska masa fitila.

Yanzu gwiwa ta hana shi zurfi, amma bakin yana nan. Yakan gaya wa baƙi cewa ya taɓa ƙararrawar da hannunsa, ya bar ta can don girmama waɗanda suka nutse. Sukan jinjina kai cikin ladabi. Nazli ba ta ƙaryata shi. Takan jira ya kai ƙarshe, sannan ta tambaye shi ko yana da lokaci ran Litinin, kwanon masai na gidanta ya toshe.