Bashin Laima

Har yau in na ga baƙar laima sai in kau da kai. Jikokina suna yi mini dariya, wai Kaka ta gwammace ruwa ya jiƙa ta sharkaf da ta riƙe laima. Na ƙyale su, don ba su san laima ce ta kusa raba mu da gidan nan da suke guje-guje a cikinsa ba.

Gidan surukina ne ya gina shi lokacin da ya zo Mubi daga Barno da jakunansa na kanwa. Da ya rasu maigidana ya gaje shi, ya gaji kuma ɗan teburinsa na kasuwa, inda yake sayar da zare da allura da sabulu. Ba mu da yawa, amma ba wanda yake bin mu ko sisi. Haka muke har aka fara maganar ƙuri'a ta biyu, wadda aka ce har mata za su jefa, a zaɓi ko mu bi Najeriya ko mu bi Kamaru.

A lokacin kowa ya zama masani. Mai yankan farce ma yana da labarin abin da zai faru. A cikin irin wannan hira ce maigida ya kwaso wata magana ya shigo da ita gida, fuskarsa sai sheƙi take yi. Wai in aka koma Kamaru, kuɗin Ingilishi ya mutu, za a kawo na Faransa. In kuwa fam da sule suka mutu, to duk bashin da aka ci da sunansu ya bi su kabari.

Na ce, "Malam, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Kowa ya sani a kasuwa."

Na ce, "To bashin da aka ce ko shahidi ba a yafe masa, shi ne zai mutu don an canja hoton da ke jikin takarda?"

Ya ce ban gane ba. Kayan ai na Turawan kamfani ne, su kuwa tafiya za su yi. Mai kantin da zai ba shi kaya shi ma bashi ya karɓo, nasa ma zai mutu, ba wanda aka cuta. Na ce masa ya ga hadari zai yi wanka da kashi. Ya ce mace ba ta san kasuwa ba, ya shuri takalmansa ya fita.

Mai kantin nan wani dattijo ne Babarbare, abokin surukina tun suna samari, Baba muke ce masa. Shi yake karɓo kaya daga kamfani ya rarraba wa ƙananan 'yan kasuwa. An san shi da tsantseni, ko dozin ɗin ashana ba ya bayarwa sai ya tambayi mutum inda zai sayar. Shi ya sa hankalina ya kwanta, na ce Baba zai koro shi da kunya. Sai ga 'yan dako da la'asar suna ta shigowa, wannan na ajiyewa wancan na sallama. Dilolin atamfa koriya mai zanen wani abu kamar ƙwai, duk iri ɗaya, da damin laima baƙaƙe har ba wurin sa ƙafa a ɗakin baƙi. Mutumin da bai yi niyyar biya ba ai ba ya tsayawa zaɓe, abin da aka miƙo masa kawai ya karɓa. Da dare ya faɗa mini, kamar ba komai ba, cewa ya sa gidan jingina a gaban shaidu.

Na yi faɗa ranar har maƙwabciyata Bafulatana ta leƙo ta kan zana tana tambaya ko lafiya. Amma da fushin ya sauka, abin da ya rage mini mamaki ne. Wautar maigida na san ta, da ita na aure shi. Ta Baba ce ta ɗaure mini kai. Ta yaya tsohon da ke ƙirga ashana zai ɗora wa mai teburin allura kayan da suka fi gidansa kuɗi? Ruwa ba ya tsami banza. Na juya abin ta kowace fuska, amsa ɗaya na samu, wato gidan yake so.

Ranar ƙuri'a muka yi layi mu mata, kowa ta ci ado kamar za a suna. Maigida ya ja mini kunne tun a gida a kan akwatin da zan jefa. Na shiga na jefa inda na jefa, bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Da sakamako ya fito aka ce Najeriya. Fam yana nan da ransa, sule yana nan. Maigida ya kwana biyu bai taɓa tuwo ba, yana zaune a ƙofar ɗakin baƙi yana kallon laima.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, sai muka ji sallamar Baba a zaure. Na ce shi ke nan, an zo karɓar gida. Na lallaɓa na raɓe a bayan ƙofar zauren ta ciki ina sauraro. Suka gaisa irin gaisuwar Barebari, wadda ba ta ƙarewa, ya tambayi yara, ya tambayi awaki, ya tambayi ciwon ƙafar maigida. Aka kai masa kunun gyaɗa ya sha. Bai ambaci kuɗi ba ko da wasa. Da zai tashi sai ya dafa katangar zaure, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da sandarsa, ya ce, "Wannan yana son yaɓe kafin damina." Ya tafi.

Na fito ina huci. Na ce, "Ka ji ko? Har ya fara duba kayansa." Maigida kuwa, washegari da kansa ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe katangar.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maigida ya sayar da teburin ya sayi tsohon keke, ya shiga bin kasuwannin ƙauye. Yau Maiha, gobe Kwaja, wani lokaci har Betso, laima a ɗaure a baya, atamfa a gaba. To manomin da ke da malafa da ya saƙa da hannunsa me zai yi da laima? Sai dai masu unguwanni da angwaye, su ma ba da kuɗi ba. Abin da yake dawowa da shi gyaɗa ce da dawa, wani lokaci kaza a rataye tana kuka. Daga nan aikin ya zama nawa. Ni da ban taɓa matsar mai ba na koya a wurin wata tsohuwa a unguwarmu, na soya gyaɗa, na daka, na matse, na murza ƙuli-ƙuli har tafin hannuna ya yi kanta. Maƙwabciyata takan haɗa da ƙwaryar nononta ta sayar mini. Abin da ya taru, mu cire na hatsi, sauran maigida ya ƙulle a gefen riga ya kai wa Baba.

Atamfar kuwa da ta ƙi tafiya sai muka koma sawa. Ni ita, yara ita, labulen ɗaki ita, har zanen goyo. In na je wanki mayo, wato rafi, mata suna hango shanyata daga nesa su san ni ce. Wata mai baki ta sa mata suna Bashi Hanji, sunan ya bi gari. Na ji haushi da farko, daga baya na riƙa amsawa, in ce ai yana cikin kowa, nawa ne dai ya fito waje.

Akwai shekarar da gyaɗa ba ta yi ba, muka yi watanni ba mu kai ko kwabo ba. A shekarar na sayar da kwanukan aurena, na bar biyu kawai. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don uwata ta sha wuya kafin ta tara mini su. Kowace Juma'a a watannin nan ina cewa yau zai faɗa. Sai ya zo, ya sha kunu, ya dubi rufi ya ce gara ta fara cin azara ɗaya, ko ya ce indararo ya karkace. Ni kuwa ina bayan ƙofa ina nazarinsa kamar mai koyon karatu. Na san tarinsa, na san yadda yake ajiye ludayi. Na lura rigunansa sun daina sabunta, na ce rowa ce ta tsufa. Na ji an ce ya bar kantin, ya tashi daga babban gidansa na kusa da kasuwa ya koma wajen wani ɗan'uwansa a bayan gari, aka ce ai ya gaji ne, yana son hutu. Na ce to, shi ya sa yake lallaɓa namu, nan yake shirin tarewa.

Sau da yawa na tambayi maigida, "Wai me tsohon nan yake jira?" Sai ya ce in bar kaza cikin gashinta. Na tsani amsar nan. Ni ba a rufe mini tukunya a ce kada in buɗe.

Haka muka yi ta yi, yara suka girma, aka yi yaƙin basasa aka gama, keken ya mutu aka sayi wani. Sannan abin da maigida ya yi ta jira ya zo, a makare. Aka ce an kashe fam da sule, an kawo naira da kwabo sabo. Na same shi a tsakar gida na ce, "Malam, albishirinka, kuɗin Ingilishi ya mutu. Sai mu je mu yi wa bashinmu ta'aziyya." Ya harare ni, sannan dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ɗan bashin da ya rage mana ba mutuwa ya yi ba, lissafinsa ma ninkuwa ya yi, tunda kowane fam ya zama naira biyu. Da kakar shekarar muka kai na ƙarshe, da sababbin takardu, a gaban shaidun da suka rage da rai.

Na ɗauka mun rabu da sallamar Juma'a ke nan. Sai ga ta kuma, a lokacinta. Wannan karon ban raɓe ba. Na riga na aurar da 'ya, ba sauran kunyar amarci a kaina. Na yafa mayafi, na ɗauki ƙwaryar kunu da kaina na shiga zaure, na durƙusa na gaishe shi. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari.

Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri, tambaya ce da ni, ta daɗe tana ci na. Kai da ba ka ba da ashana sai ka yi bincike, me ya sa ka ba Malam kayan nan?"

Maigida ya fara yi mini ido. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya bar ni. Ya yi 'yar dariya, ya ce da Hausarsa ta Barebari, "'Yata, labarin da mijinki ya ji, ni na riga shi ji. Kina tsammani mai hankali zai cika kanti da laima? Duk abin da kamfani ya miƙo na karɓa, na ce ai ba biya za a yi ba. Da ya zo nema na ce ya kwasa, ɗan abokina ne, shi ma ya samu."

Na saki baki ina kallonsa. Na ce, "Kai ma, Baba?"

Ya ce, "Ni ma. Kuma ni ma gida na sa. Su kamfani ba su san kunu ba, ba su san Juma'a ba. Damina biyu suka ba ni, suka karɓe kanti da gida."

Na juya na dubi maigida. Kansa na ƙasa, yana wasa da bakin tabarma. Ashe ya sani tun farko, kunya ce ta hana shi faɗa mini, ita ce kuma take tashinsa kwaɓa ƙasa duk ranar Asabar.

Na ce, "To ai namu yana hannunka. Da ka sayar da shi, da ka fanshi naka."

Ya ce, "Da ya kusa isa, na yi lissafin. Amma wautar tamu ɗaya ce, ni ne babba kuma. Ba zan sa yaro ya biya tasa ya biya tawa ba. Da ni aka ɗora azarar zauren nan, ni da baban mijinki. Gida biyu muka jefa a ruwa, ɗaya ya fita, shi nake zuwa in gani ko yana tsaye."

Shekara da shekaru ina bayan ƙofar nan ina kiran mutumin nan kura a zuciyata, shi kuwa daga ɗakin aro yake takowa da sanda ya duba mana gara. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa inda zan sa idona sai a kan ƙwaryar kunu.

Ya shanye, ya yi hamdala, maigida ya kama shi ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya ya ƙwanƙwasa katanga da sandarsa kamar kullum, ya ce, "Nan ƙasan ya fara zaizayewa."

Washegari ban jira Malam ba. Na ɗaura tsohon zanena kore, na ɗebo ruwa, na kwaɓa ƙasar da ƙafata na yaɓe wurin.