Ranar da 'Yan Sa-kai Suka Tsare Ni da Kwamfuta

Aikina a jami'a lissafi ne. Ban taɓa riƙe sinadaran da nake bincike a kansu ba, domin a na'ura ake ƙera su, kuma kafin ƙiftawar ido sun tarwatse. Nawa shi ne in zauna gaban kwamfuta in lissafa tsawon lokacin da cibiyar ƙwayar zarra mai nauyi za ta yi kafin ta fashe ta koma wani sinadarin.

Daminar da aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, ina gida Sabon Birni ina jinyar mahaifiyata. Abokan aikina na ƙasar waje suna jiran sakamakona su gwada shi da abin da na'urarsu ta auna. Kawuna, mai fataucin albasa zuwa Nijar, ya ce akwai wani tudu kusa da iyaka inda layin can ke kamawa. Da hantsi ya kai ni a mashin, ya ba ni wayarsa, ya wuce ƙauyen gaba gaida wani abokinsa.

Na zauna gindin aduwa, na haɗa kwamfutata da wayar, saƙo ya fara tafiya a hankali. Ban ji tahowarsu ba. Ɗaga kan da zan yi sai ga 'yan sa-kai tsaye cikin gero, da bindigogi ƙirar gida. Babbansu dattijo ne mai tabo a wuya.

"Mi kaka yi nan?"

Na ce aiki nake turawa. Ya juya kwamfutar da bakin bindiga. Zane ne a fuskarta, ɗigo-ɗigo da layuka masu lanƙwasa.

"Wagga taswira ta. Wane gari na ka zana musu?"

A lokacin, wanda aka kira infoman 'yan bindiga ba ya kaiwa gaban alƙali. Na ce ba gari ba ne, lissafin nukiliya ne. Kalmar na fita na gane na ƙara ɓata lamarin. Wani daga bayana ya ɗana kunamar bindigarsa.

"Bam ke nan," in ji shi.

"Baba, wallahi ko ashana ba ni haɗawa. Alƙalami da lissafi kawai."

Dattijon ya tambayi gidanmu. Na faɗi sunan kakana, wanda ya yi makarantar allo a unguwarmu. Bai ce ya san shi ba, bai ce bai san shi ba. Ya sa na zauna a rana, hannuwana bisa kai, ya ce za mu jira wanda ya kawo ni.

Ban san iyakar zaman da na yi ba. Da ƙarar mashin ta taso, duk suka juya bindigogi wajen hanya. Kawu ya kashe inji tun daga nesa, ya taho yana sallama da ƙarfi.

"Ɗan ƙanwata na! Ni nik kawo shi!"

Ashe sun sha haɗuwa da dattijon a kasuwar Gatawa. Suka koma gefe suka daɗe suna magana. Da dattijon ya dawo ya miƙo mini kwamfutar da kansa.

"Ɗiyana biyu anka kashe cikin gonar ga bara," ya ce. "Kada ka sake zama nan kai ɗai."

Na ce ba za ni sake ba.

Saƙon ya riga ya tafi tun ina zaune a rana. A hanya Kawu ya ce kada inna ta ji, hawan jininta ya ishe ta. Da muka shiga ta tambayi abin da ya tsai da mu, ya ce taya ce ta yi faci.