Giyar da Turawa Ba Su Tace Ba

Da Kirsimetin bara mijin ɗiyata ya zo Zuru daga Abuja da gwangwani biyu na wata giyar Turawa. Ya ce 'yan gayu ne ke dafa ta kaɗan-kaɗan. Shekara uku ke nan yana neman in yaba masa ko da abu ɗaya, ban yaba ba. Ya zuba min a kofin gilashi, ya ƙame kamar sabon kurtu.

Tun ina soja abu uku nake yi wa abin sha, bi da bi. Na farko, na duba, na ga ta yi kauri kamar kunun tsamiya. Na biyu, na sunsuna, na ji ƙamshin mangwaro. Kafin na uku na kira matata, wadda ta yi shekara ashirin tana dafa burkutu.

"Uwargida, zo ki ga aikin Turawa. Ba su tace ba."

"Baba, da gangan ne," in ji surukin. "Kaurin shi ne daɗinta."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗauko ƙyalle ta tace giyar sau biyu cikin ƙwarya. Ba ta samu ko ɗigon tsaki ba, kumfar kuma ta mutu.

Na kurɓa, na ji ɗaci kamar an jiƙa ɓawon maɗaci. Na sake kurɓa. Yana kallona.

Na ce, "Wanda ya dafa ta rago ne, amma kai ka yi ƙoƙari. Miƙo ɗayan kafin ta dawo da ƙyallen nan."