Ranar da muka raɗa wa serber suna

Yau da safe na tarar da Yaya Falmata, abokiyar aikina a bironmu na Zango, tana kwafar dogon adireshin serber (babbar kwamfutar da muke shiga daga nesa) daga takarda. Sau uku tana kuskuren lamba. Ta ce idonta ya gaji, aikin ma za ta ajiye.

Na buɗe fayil ɗin config na SSH, inda ake saita hanyar shiga serber, na zuba adireshin da sunan shigarta cikin layi huɗu kacal.

"Yaya, wane gajeren suna za mu sa masa?"

"Sa Droum, garinmu. Wannan ba na mantawa."

Na sa. Ta rubuta ssh droum a maimakon dogon adireshin, nan take serber ya buɗe. Ta yi dariya: "Ƙanena, na fasa tafiya!"

Ashe layi huɗu kan riƙe mutum. Ku wa ya taɓa sauƙaƙa muku aiki haka?